Wa Ya San Ka a Kano?

Duk wanda ya shiga Challawa a makonnin da ke bin Babbar Sallah ya san inda fatun layya suke ƙarewa. Tun daga titin Panshekara hanci ke fara ba da labari. Manyan motoci ne a jere bakin ƙofofin kamfanonin jima, an lafta musu fatun tumaki da na awaki da aka barbaɗe da gishiri, ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Leburori da dogayen takalman roba suna saukewa, dillalai suna ƙirga, mai zaɓe kuma yana ɗaga fata ɗaya-ɗaya yana haska ta a rana, ya ga ko wuƙar mai fiɗa ta huda ta, ko ƙazuwa ta ɓata ta. Wadda ta tsallake sai ta wuce ciki, a jiƙa ta, a zubar da gashinta, a juya ta cikin manyan ganguna da sinadarin kurom har ta koma shuɗi-shuɗi. Mai lamba ɗaya Italiya da Sifen take nufa, ta zama jaka da takalmin da ba kowa ke iya saye ba.

Ni kuwa wadda aka ƙi nake bi. Ina fatar da Turai ba ta so take tafiya, kuma su wa take ciyarwa? Bompai, wadda ita ce babbar yaya a unguwannin masana'antun Kano, da Sharaɗa, da Challawa, duk sun ga jiya sun ga yau. Rashin wuta da tsadar dizal sun rufe ƙofofi da dama, ga masu ganda suna rige-rigen fatar shanu da majema, ga mutanen ƙauyukan bakin kogi sun daɗe suna kukan baƙin ruwan da ake sako musu. Amma a gefen wannan duka akwai ƙananan 'yan kasuwa da suke tsintar abin da manya suka bari. Wani dattijo a cikinsu, wanda nakan zauna a bencinsa mu sha shayi, ya ce min yana tura kaya Aba, yana kuma turawa Kumasi wurin masu ɗinkin takalma. Da na yi mamakin nisan, sai ya ce, “Yaro, ai mu a mota muke aikawa. Kakana da ƙafa ya je Gwanja, jakai a gabansa.”

Gaskiya ya faɗa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi da turkuɗi da kanwa da jar fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, madugu na jagoranta, su yi watanni a hanya, su dawo da goro. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, ɗan gidan irin waɗannan fatake ne, kuma da goron Gwanja ya fara kafa ƙafarsa kafin gyaɗa ta ɗaukaka sunansa. Sai na ƙudurta cewa kayan dattijon su bi ta Legas kamar yadda suka saba, ni in bi sawun kakansa.

Na bi ta Birnin Kebbi na sauka Kamba, na tsallaka Gaya ta Nijar, na haye gadar Kwara zuwa Malanbil a Jamhuriyar Benin. Wannan kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ne, wanda bayansa aka datse gadar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90, amma fasfo da katin rigakafin shawara sai an nuna su a kowane shinge, shingen kuma ba ya ƙirguwa. Kandi, Paraku, Jugu, sannan Kara a Togo, na shiga Gana ta Tatale, na wuce Yendi da Tamale. A duk garin da na sauka, ban rasa mai shayi ko mahauci ko mai gyaran agogo da zai amsa sallamata da Hausa ba.

Salaga ta sanyaya min jiki. Garin da sunansa ya cika bakin kakanninmu yau ƙaramin gari ne mai shiru, sai tsofaffin rijiyoyi birjik da aka haƙa don shayar da ayari, da filin da aka ce nan ce kasuwar bayi. Ba goro kaɗai aka yi ciniki a nan ba, an sayar da mutane, kuma fatakenmu suna cikin masu saye. Bai kamata mu riƙa ba da labarin jarumtar madugai mu tsallake wannan ba. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya karye, goro ya fara sauya hanya. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga. Malamai da fatake suka bazu, wasu Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu Kintampo, wasu Yeji da Atabubu da Kumasi da Akra. Yawancin zangon da ake gani a Gana yau ya ƙara ƙarfi ne da wannan watsewa.

Daga Salaga hanya ta kai ni Makango, bakin tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ta haifar bayan kammala ta a 1965. Inda jakai suka taka a da, yanzu jirgin fito ake shiga. Jirgin ya makara a ranar. Muka sauka Yeji da yamma liƙis, garin yana ta ƙamshin kifi banda, ƙaramar bas ɗin da za ta Atabubu kuma ba ta cika ba sai bayan magariba.

Mun wuce Prang da ɗan nisa, yayyafi ya ɗauke, yawancin fasinja suna gyangyaɗi, sai direba ya taka birki da ƙarfi. Kututturen itace ne kwance a tsakiyar titi. Kafin ya sa ribas, fitilun tocila sun fito daga ciyawa ta hagu da dama, aka harba bindiga sama. Ba wanda ya jira a maimaita masa umarni. Muka sauko muka kwanta rubda ciki a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa. Ina jin sanyinta a kumatuna, ina jin kukan kwaɗi bai fasa ba, matar da ke gefena tana kiran Yesu ƙasa-ƙasa da harshen Tuwi, ni ina ta hailala. Wanda ya laluba ni yaro ne, na gane daga muryarsa da kuma yadda hannunsa ke rawa a cikin aljihuna. Ya zare wayata, ya kwance agogo, ya cire min takalma ya girgiza su, bai mayar ba. Matan kuma har ƙullin bakin zaninsu sai da aka kwance. Wani saurayi Bafulatani da ke kwance kusa da ƙafata suka samu ba shi da abin kirki, sai suka rotsa masa kai da gindin bindiga. Jakata ta tafi da fasfo, da katin rigakafi, da rikoda, da littafin rubutuna, da duk abin da nake da shi na sidi da sefa da naira. A cikin littafin nan ne dattijon Challawa ya rubuta min suna da lambar mai masaukinsa na Kumasi.

Washegari na ji mutane a gari suna kama sunan ƙabila, wai su ne 'yan kwanta-kwantar hanyar. Ni dai ban ga fuskar kowa ba, duk sun rufe. Abin da na gani da idona shi ne jinin ɗan wannan ƙabilar da ake zargi yana bin tsakuwa kusa da ni.

A daren nan 'yan fashin sun tafi da makullin motar. Muka taka a duhu, wasu ba takalmi, har muka ga wuta a wani ɗan ƙauye na manoman doya. Taimakon farko da na samu a ƙasar Gana daga hannun wata mata Bakonkomba ya fito, ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta hura wuta, ta dafa ruwa ta wanke wa saurayin nan kai, ta yaga tsohon zani ta ɗaure masa. Ta dafa doya ta zuba mana a faranti ɗaya da manja da gishiri. Da ta ga ƙafata tana jini, ta shiga ɗaki ta fito da silifas ɗin mijinta ta ajiye a gabana.

Da safe 'yan sanda suka kwashe mu zuwa Atabubu, aka kai mai rauni asibiti, aka ɗauki jawabin kowa, aka ba ni takardar shaidar cewa an yi min fashi kuma fasfona ya salwanta. Daga nan kowa ya kama gabansa. 'Yan ƙasa suka ari waya, kafin hantsi 'yan uwa sun zo sun ɗauke su. Wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota a Suame ta Kumasi ya kira ƙungiyarsu, kafin azahar an turo masa mai babur da kuɗin mota. Saura mu biyu a kan benci, ni da wani matashi ɗan ci-rani daga wajen Tawa, wanda aka raba shi da abin da ya tara a bakin tafki. Wani ɗan sanda ya dube mu ya nuna da hannu, ya ce mu tafi zango.

Na sha ganin mutumin da yake miƙewa a masallatan Kano da zarar liman ya sallame, ya ce jama'a shi matafiyi ne, an yanke masa aljihu a tasha, a taimaka masa da kuɗin mota. Na kuma san yadda sahu yake watsewa a gabansa, kowa na neman takalminsa, saboda an sha jin labarin daga bakin wanda za a sake gani gobe a wani masallacin da labarin nan dai. A masallacin zangon Atabubu, bayan sallar azahar, kalmomin nan ne kaɗai nake da su, kuma gaskiya ne tsantsa, amma harshena ya yi nauyi, na kasa miƙewa. Ladan ne ya lura da taɓon da ya bushe a gaban rigata da silifas ɗin da suka yi min girma. Ya matso ya ce, “Malam, ku ne na motar jiya?” Labari ya riga mu isowa. Ya ce mu biyo shi.

Gidan da ya kai mu na wani tsoho ne da kowa ke kira Baba, mai dogon zaure da tabarmi a naɗe a jikin bango. Bai tambaye mu komai ba. Ya sa aka kai mana ruwa bayi, aka fito mana da riguna, aka kawo tuwo da miyar ayoyo. Sai da muka ci muka sha, muka yi la'asar, sannan ya gyara zama ya dube ni.

“Ɗana, daga ina?”

“Daga Kano, Baba.”

“Kano babba ce. Wace unguwa? Gidan wa? Wa ya san ka a can wanda ni ma zan iya sani?”

Na faɗi unguwarmu, na faɗi aikina na jarida. Ya gyaɗa kai, ya ce kada in ji haushi. Ya ce abinci da tabarma na Allah ne, ko ɓarawon da ya tare mu ne ya zo da yunwa zai ci ya kwanta. Amma kuɗin da ake sallamar matafiyi da shi na jama'a ne, daga abin da ake tarawa ranar Juma'a da zakkar 'yan kasuwar doya da na shanu yake fitowa, shi amana aka ba shi. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas ɗin da Alƙur'ani ya ware wa zakka, ko da mai arziki ne a garinsu, wannan Baba ya sani sarai. Sai dai ya ce an taɓa kawo masa wani da kuka har da majina, aka haɗa masa kuɗin mota har Sakkwato, bayan sati biyu aka gan shi a Ejura yana wannan kukan. Tun daga ranar masu bayarwa suka ce sai da shaida.

Na ce ai abin mai sauƙi ne, a ara min waya in kira gida. Lambar ƙanena tana kaina. Aka sa kati, na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Da ya ɗauka, layin yana yankewa, na ce ni ne, an yi min fashi a Gana, ba ni da ko sisi. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Allah ya isa tsakaninmu da ku,” ya kashe.

Daga baya na san abin da ya faru. Tun da asuba wanda wayata ta faɗa hannunsa ya shiga WhatsApp ɗina ya bi 'yan uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya: an yi min fashi a hanya, ina cikin mawuyacin hali, a taimaka a tura kuɗi ta wannan asusun. Da sunana, da hotona, da lambata. Ƙanena ya lura rubutun ba irin nawa ba ne, ya kuma san wannan damfara da ta zama ruwan dare, inda ake sace shafin mutum a roƙi jama'a da bakinsa. Ya bi dangi kaf ya gargaɗe su kada wanda ya tura ko kwabo, kada kuma a saurari duk wata baƙuwar lamba. Abin da ya yi daidai ne, shi ya hana a kwashe kuɗin mutane. Amma ga ni nan a zauren Baba, ɓarawo ya riga ni ba da labarina, ya kuma ba da shi daga wayata, ni kuwa da baƙuwar lamba nake kira.

Ko da ya yarda ma, da sauran aiki. Kamfanonin aika kuɗi irin su Western Union ba sa miƙa wa mutum kuɗi sai ya nuna katin shaida, layin waya da ake karɓar kuɗi ta cikinsa shi ma sai da katin shaida ake yi masa rajista. Doka ce mai ma'ana, don maganin ɓarayi aka yi ta, sai dai wanda ɓarayin suka tuɓe shi ne ba ya iya cika ta. Ofishin jakadancin Najeriya kuma yana Akra, tafiyar yini guda, ita ma sai da kuɗin mota.

Baba ya ce, “Bar waya. Kana da mutum a Mariri?”

Kasuwar goro yake nufi, ta kan titin Maiduguri. Na ce ba ni da kowa a can, amma akwai dillalin fata a Challawa da ya san da tafiyata, yana aika kaya Kumasi. Sunansa na rana kawai na sani, da inda bencinsa yake, kusa da mai shayi, daura da ƙofar wani kamfani. Fuskar tsohon ta saki. Ya ce wannan ya isa. Ya kira wani Alhaji mai goro a Kumasi wanda suka yi shekaru suna hulɗa. Alhajin yana da abokin ciniki a Mariri da yake tura wa huhun goro. Mariri da Challawa duk a ƙaramar hukumar Kumbotso suke, don haka na Mariri ya sa yaronsa a adaidaita sahu ya ce ya je ya nemo benci da mai shayi. Washegari da hantsi wayar Baba ta yi ƙara. An samu dattijon, ya ce lallai akwai ɗan jarida da ya tafi Gwanja, amma a tambayi wanda ke zaune a zauren, me ya faɗa masa game da kakansa?

Na ce, “Da ƙafa ya je, jakai a gabansa.”

Saƙon ya koma ta inda ya fito, daga Atabubu zuwa Kumasi, daga Kumasi zuwa Mariri, daga Mariri zuwa Challawa. A daren nan dattijon ya rufe harkarsa ya nemi gidanmu da tambaya, ya yi sallama da ƙanena ido da ido. Da aka sake kira, ƙanena ne da kansa, muryarsa tana rawa, yana cewa, “Yaya, ka yafe min.” Na ce masa babu abin yafewa. Da safe ya kai naira Mariri ya damƙa wa mai goro, aka ce in je Kumasi in karɓi sidi. Ba banki, ba takarda, ba sa hannu. Mai goron Kano dama yana da bashin kaya a kansa, sai a haɗa a lissafi.

Kafin in tashi na samu zama da Baba sosai. Haifaffen nan ne, Hausarsa irin ta Gana, amma kakansa daga ƙasar Katsina ya zo. Yana yaro aka yi korar baƙi ta watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ya ce ya ga maƙwabtansu suna sayar da gida da gado a kuɗin banza, suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. A 1983 kuma ya ga kishiyar haka, da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida da kayansu a ka. Ya ce a duka biyun zauren nan ya cika har waje, mahaifinsa bai taɓa rufe ƙofa ba, shi ma ba zai fara ba.

Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai, shi ne yaron Tawa. Tambayar da aka yi min shi ma an yi masa. Ya faɗi ƙauyensu, ya faɗi sunan mahaifinsa da na mai garinsu, amma babu ɗan kasuwa ko ɗaya a tsakaninsa da Atabubu. Ƙauyen ba a kai goro, ba a sayo fata. Ba wanda ya ce ƙarya yake, tare aka kwantar da mu, ni shaida ne. Amma gidansu babu mai abin aikowa, asusun masallaci kuma ba zai iya mayar masa da wahalar watanni ba, shi kuwa ya ce ba zai shiga gida hannu rabbana ba. Aka nema masa dako a kasuwar doya, aka ce ya ci gaba da kwana a zaure har ya tara. Wannan tsari da ya cece ni ciniki ne ya gina shi, kuma wanda yake da alaƙa da masu ciniki shi ya fi saurin tsira a cikinsa. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, albarkacin zaman benci na ci. Shi ya sa duk ƙofar kamfanin da aka garƙame a Challawa ko Sharaɗa, ba albashin ma'aikata kaɗai ke tafiya da ita ba. Dillali ya daina aike, mai masauki ya daina jin ɗuriyarsa, lambobi su mutu, wata rana a tambayi wani bawan Allah wa ya san shi a Kano, a rasa wanda za a kira.

Baba ya ranta min kuɗin motar Kumasi daga aljihunsa, ya ce idan na isa gida in kai wa mai goron Mariri, zai iso shi. A unguwar Aboabo Alhajin ya ƙirgo min sidi a cikin shagonsa, ya haɗa ni da yaro ya kai ni wurin masu takalma. Na ga fatar Challawa a kan teburinsu, ana kewaye huda da tabo da wuƙa, ana fitar da madaurin takalmi daga inda ya rage lafiyayye. Da aron biro da takardar makaranta na ɗauki bayanan da suka kai ni ƙasar.

Daga Kumasi zuwa Akra kimanin kilomita 250 ne. Na kwana a Nima, da safe na je ofishin jakadancinmu da takardar 'yan sanda da hotuna da kwafin fasfona da ƙanena ya turo ta wayar Alhaji. Aka yi min tambayoyi don tabbatar da ni ɗan Najeriya ne, aka ba ni takardar tafiya ta gaggawa, wadda amfaninta ɗaya ne, ta mayar da mutum gida. A kan bencin jira na tarar da 'yan mata ƙanana da aka yaudaro da alkawarin aiki aka ƙwace musu takardu, da wani magidanci da jarinsa ya narke. Nawa ya zo da sauƙi. Na bi ta Aflawo da Lome da Kwatano, na shigo ta Seme, daga Legas na kamo hanyar arewa.

Kano ma ta san wannan aiki. Fagge masaukin ayarin da ke zuwa daga arewa ce tun asali, kuma har gobe a tashoshin motarmu akwai shugabannin direbobi da kan sa wanda guzurinsa ya yanke a mota kyauta. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne irin zauren Baba, wurin da za a ce wa baƙo ci ka ƙoshi tukuna, sannan a zauna a bi diddigin maganarsa har a gano gaskiyarta. Mun fi sabawa da ɗayan biyu, ko a miƙa masa ɗari biyu don a rabu da shi, ko a ɗauke kai.

Da na huta na tafi Mariri da kuɗin Baba. Na samu mai goron a rumfarsa, an kwance huhu ana zaɓe, ana ware fari da ja, ana yayyafa ruwa ana sauya ganye. Ya karɓi kuɗin ya buɗe wani littafi mai baƙin bango, ya nemo layin da aka rubuta “ɗan jarida, Atabubu”, ya ja masa layi. A saman nawa akwai wasu sunayen, wasu an soke, wasu ba a soke ba.

Ya ce, “Dama ina nemanka. Baba ya kira shekaranjiya. Akwai wani yaro a zaurensa, an tare su a hanya, ya ce shi mutumin Rimin Gado ne. Ni ba ni da kowa a can. Kai da kake yawo, ka san wani?”

Na san wani malamin makaranta a garin. Na kira shi a nan rumfar, na ba shi sunan yaron da na mahaifinsa. Bayan isha'i ya kira ni, ya ce ya samu gidan, ga kawun yaron a kusa da shi, amma ya ce ba zai motsa ba sai an tambayi yaron sunan kakarsa ta wajen uwa da sunan gonar da suke nomawa a bakin rafi. Na rubuta tambayoyin biyu, na kira Mariri.